Furen tsakar gida a Krofrom, tsakanin zafin Maris da ruwan Yuni

Duk wanda ya leƙa gidajen haya na Krofrom, wata unguwa a Kumasi, zai ga fure ko da bai je nemansa ba. Yana cikin tsohon bokitin fenti a bakin ƙofa, ko cikin tayar mota da aka raba biyu, ko cikin galan ɗin nan mai ruwan ɗorawa da mutanen Ghana ke kira galan Kufuor, an datse masa kai an cika shi da ƙasa. Filin shuka dai babu. Tsakar gida siminti ce, ɗakuna sun kewaye ta, nan ake girki, nan ake wanki, nan yara ke wasa. Duk da haka matan gida ba su fasa shuka ba, kuma sun yi daidai, domin Kumasi gari ne da aka daɗe ana yi wa kirari da birnin lambuna na Afirka ta Yamma, tun zamanin tsarin gari da Maxwell Fry da Jane Drew suka zana a 1945.

Mai wannan rubutu renon furanni ne sana'arsa, kuma ƙarar da ta fi zuwa masa guda ce: "Malam, rana ta kashe mini fure." Yakan roƙi mai furen ta kawo tukunyar. In an kife ta, galibi sai a tarar da saiwa baƙa, laɓe-laɓe, tana wari. Rana ba ta yin haka. Wannan aikin ruwa ne da ya kwanta.

Kumasi damina biyu gare ta, ba kamar Kano ko Maraɗi ba. Babbar takan kama daga wajen Maris ko Afrilu zuwa Yuli, ta fi ƙarfi a Yuni. Agusta sama takan lumshe, gari ya yi sanyi, ruwa ya ja baya. Ƙaramar damina ta biyo daga Satumba zuwa Nuwamba, sannan hunturu ya sauko da ƙurarsa, sai zafin Fabrairu da Maris. Ruwan shekara yakan kai kusan milimita 1,400. Shi ya sa bayanin da ke bayan ledar irin fure da aka shigo da ita daga Turai ba ya yi wa ɗan Krofrom amfani: watannin da su can suke kira lokacin zafi, a nan lokacin laima ne da gajimare.

Wannan jerin lokuta yana nan, sai dai ya daina cika alkawari. Zafin Ghana ya ƙaru da kusan digiri ɗaya tun 1960. A Fabrairun 2024 wani zafi mai gumi ya rufe kudancin Afirka ta Yamma, har aka ƙara wa 'yan wasa hutun shan ruwa a gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa. A Yuli da Agustan shekarar ruwa ya ɗauke a arewa da tsakiyar Ghana, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya. Shukar da ke gona ma ta sha wuya, balle wadda duniyarta gaba ɗaya bokiti ce.

Ga yadda ɓarnar take faruwa. A Maris siminti yakan ɗauki zafi, bokitin roba ya ɗauka daga gare shi, ƙananan saiwoyin da ke manne da jikin bokiti su ƙone. Jar ƙasar Kumasi mai yumɓu ce. In ta bushe sai ta ƙanƙance ta rabu da jikin tukunya, ruwan da aka zuba ya bi ta gefe ya wuce ba tare da ya jiƙa tsakiya ba. Shuka ta galabaita ke nan tun kafin damina. Sai ruwa ya zo kamar da bakin ƙwarya, rufin kwano ya tattaro shi ya juye a kan tukwanen da aka jera ƙarƙashinsa. In bokitin ba shi da huji, ko hujin ya manne da siminti, saiwar da ta riga ta ji rauni sai ta rasa iska, cikin 'yan kwanaki ta fara ruɓewa. Ganye ya yi yaushi, irin yaushin da yake yi in yana jin ƙishi, mai fure kuma da kyakkyawar niyya ta ƙara masa ruwa.

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi. A tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In da danshi, a ajiye buta.

Gyaran yana cikin tukunya. A ɗora ƙusa a wuta a huda gindin bokiti wuri huɗu ko biyar, a ɗora shi kan duwatsu ko guntayen bulo, ruwa ya samu hanya, zafin siminti kuma ya ragu. A gauraya baƙar ƙasa da yashi mai kaushi da garin gawayi, wanda masu sayar da gawayi ke sharewa su zubar. Dusar katako ta unguwar Sokoban da kashin kaji duka suna da kyau, amma sai sun kwana sun ruɓe: ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyar dusa kuma tana janye abincin da ganye ke buƙata har ya koma rawaya. A rufe saman ƙasa da busasshen ganye a lokacin zafi. Kada a sa faranti ƙarƙashin tukunya, domin ruwan da ya taru a ciki wurin haihuwar sauro ne, kuma babu furen da ya kai lafiyar yaro daraja.

Maganar ruwan ban-ruwa ma abin dubawa ce. Famfon Kumasi daga madatsun Barekese da Owabi yake zuwa, kuma ranar da ya ɗauke ba wanda zai ba fure ruwan sha. Gidan Zango kuwa yana da ruwan da ke tafiya kwata a banza sau biyar a rana: ruwan alwala. A tare shi a baho, a haɗa da ruwan wankin shinkafa, ya ishi tukwane da yawa. Ruwan omo da na bilic ne kawai ba a so. A zuba da sassafe, a gindin shuka.

Furanni kuma ba halinsu ɗaya ba. Bugenbiliya, da alobera, da ƙariya, da ɗan furen nan mai buɗewa da hantsi, zafi ba ya damunsu. Su ne za a janye zuwa ƙarƙashin rumfa in Yuni ta kama. Bugenbiliya ma sai ta ɗan ji ƙishi take cika fure. Ƙariya a nisanta ta da yara da awaki, ruwan jikinta guba ne. Iksora, da kuroton, da hibiskus ɗan'uwan yakuwar da ake yin sobolo da ita, suna son damina, amma a Maris sai an nema musu wurin da ranar safe kaɗai ke taɓawa. Furen wardi shi ne mai wahala a Kumasi: laima takan sa masa baƙaƙen ɗigo a ganye har ya zube, don haka mai wannan rubutu ba ya ba sabon mai shuka shawarar farawa da shi. Lalle da ɗoɗɗoya sun fi haƙuri, ga amfani a gida.

Saura lokacin dashe. Ruwan farko na Maris yakan yaudari mutane, a dasa, sannan sama ta yi shiru mako biyu ko uku. Gara a jira har ruwa ya zauna, a kuma saurari hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Ghana ke fitarwa a farkon shekara. Masu son yawaita furensu su yanki reshe su kafa a ledar fiya wata da aka huda, su ajiye a inuwa cikin Agusta. Kafin ruwan Satumba ya kankama ya yi saiwa, kuma yana da wata uku na ƙarfafa kafin hunturu.