Wace Manhaja Ce Ta Fi Dacewa Da Haɗa Kiɗan Rawa A Waya?

Yau darasinmu na masu son haɗa kiɗan biki ne da wayar hannu, musamman 'yan uwa na Bagudo, Illo, Kaoje da Lolo, inda matsalar wuta da ta sabis ba baƙuwa ba ce.

Mene ne sequencer?

Manhaja ce da ake jera sauti a cikinta bisa lokaci. Za ka ga layuka masu ƙananan akwatuna, galibi 16 a kowane layi. Layi ɗaya na ganga ne, wani na tafi, wani na bes. Duk akwatin da ka taɓa, nan sautin zai buga, ya yi ta zagayowa. Saurin kiɗan kuma da BPM ake auna shi, wato yawan bugu a minti ɗaya. Amapiano na yawo ne wajen 110 zuwa 115, House kuma 120 zuwa 128.

Abubuwa uku da za ka duba

1. Tana aiki ba data? Mazauna bakin iyaka sun san yadda waya ke kama sabis ɗin Benin ba shiri. Manhajar da ta dogara da intanet za ta iya tsaya maka ana gobe biki.

2. Tana raba bugu gida uku? Wannan ne inda da yawa ke faɗuwa. Akwatuna 16 sun dace da kiɗan da ake ƙirgawa huɗu-huɗu, amma yawancin kiɗan kalangu uku-uku yake tafiya. Ka nemi inda aka rubuta 6/8 ko triplet a saiti. In babu, kiɗanka zai fito a sandare, ba mai taka masa rawa.

3. Wayarka za ta ɗauka? In RAM ɗinka 2GB ne, kada ka cika layuka, sautin zai riƙa yankewa.

Manhajojin

BandLab kyauta ce, tana kan Android da iPhone, kuma tana da sauƙi ga ɗan koyo. Sai dai dole ka buɗe asusu, kuma a intanet take ajiye aikinka.

FL Studio Mobile ta kamfanin Image-Line ce na ƙasar Beljiyam. Saye ake yi sau ɗaya, tana aiki ba data, tana fitar da MP3 da WAV. Ƙanwar FL Studio ce ta kwamfuta, wadda situdiyo da yawa ke amfani da ita.

GarageBand kyauta ce, amma sai mai iPhone ko iPad.

Koala Sampler kuwa gwanarta ɗaukar sauti. Ka samu makaɗin kalangu, da izininsa ka naɗi bugunsa, ka yanyanka, ka jera yadda kake so.

Shawarata

Fara da BandLab ka koyi jeri. Da zarar an fara biyanka kuɗin aiki, ka sayi FL Studio Mobile. Ka guji waɗanda aka fasa ake turawa ta Xender, domin wasu na ɗauke da ƙwayar cuta, ga shi a wayar nan manhajar bankinka take.

Sannan ka yi aiki da iyafis mai igiya, don na Bluetooth yana jinkirta sauti. In ka gama, ka gwada kiɗan a babbar sifika kafin ka miƙa wa mai biki.