Amsoshin Tambayoyinku: Mako shida da yara uku, kowa jakar goyo ɗaya

Tambaya: Maigidana yana karatu a Malesiya, ya kusa kammalawa. Ya ce in same shi da yaranmu uku, masu shekara 11 da 7 da 3, mu zaga Malesiya da kudancin Tailan da Indonesiya na mako shida a jirgin ƙasa da bas da ƙananan jirage. Sharaɗinsa shi ne kowa jakar goyo ɗaya. Ni kuwa ko bikin kwana uku za ni sai na cika akwati biyu. Yaya kayan mako shida za su shiga jaka ɗaya?

Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Malama, ba za su shiga ba, kuma ba a bukatar su shiga. Kayan mako ɗaya za ki haɗa, sauran makonni biyar ɗin wanki ne zai riƙe ku. A biranen Malesiya akwai shagunan wanki da inji, suna ce musu kedai dobi, da yawansu ba sa rufewa dare da rana. A Tailan da Indonesiya kuwa awon kilo ake yi: ki kai yau, gobe ki karɓa a ninke.

Saboda haka abin dubawa a kowace tufa shi ne nauyinta da saurin bushewarta. Can ba Zariya ba ce da za ki yi shanya da hantsi ki kwashe kafin azahar. Iskarsu jiƙe take da danshi, atamfa mai kauri sai ta kwana a igiya ta tashi da wari. Shadda da leshi su yi zamansu a gida, don ban da nauyi ga neman guga. Ke dai abaya mara nauyi guda uku, da hijabi ko mayafi uku, sun ishe ki. Yara kowa kaya kala huɗu. Takalmi ɗaya a ƙafa, silifas ɗaya a jaka, kuma ya zama mai sauƙin tuɓewa, domin a ƙofar masallatai da gidaje da wasu masaukai cire takalmi ake yi. Ki sa wa kowa rigar sanyi ɗaya. Za ki ce ƙasar zafi ce, haka ne, amma na'urar sanyaya bas da jirgin ƙasa a can ba ta da tausayi.

Maigida bai faɗi sharaɗinsa don ƙeta ba. Kamfanin AirAsia, wanda da wuya ku gama zagayen nan ba ku hau jirginsa ba, kilo 7 yake yarda kowane fasinja ya shiga da shi ciki. Abin da ya haura kuɗi ne, kuma biyansa a filin jirgi ya fi tsada a kan biya tun wajen sayen tikiti. Ki tuna ita kanta jakar takan ci kilo ɗaya ko fiye. Ki sayi ɗan ma'aunin hannu mai ƙugiya, ki riƙa aunawa tun a ɗaki.

Sai dai kada lissafin jirgi ya ruɗe ki. Ku biyar ne, a takarda kuna da kilo 35. To, wa zai ɗauka? Masana lafiyar yara sukan ce jakar yaro kada ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin jikinsa, wato ɗan shekara 7 kilo biyu ko uku ne iyakarsa, autan kuwa shi kansa kaya ne. Ki hango kanki a tashar Padang Besar, kan iyakar Malesiya da Tailan: an sauko daga jirgi, layin jami'an shige da fice ya yi tsawo, auta ya yi barci ya saki jiki, na tsakiya yana jin fitsari, fasfo biyar suna hannunki. A nan bayanki na goyo ne. Jakarki dole ta zama ƙarama wadda za ki iya juyo da ita ƙirji, babbar kuma maigida ya saɓa. Don haka zanin goyo shi ne abin da ba zan yarda ki bari ba. Ya goya yaro, ya zama mayafin barci a bas, ya zama shimfiɗa a bakin teku. Keken tura yaro kuwa ki manta da shi, matakalan tasha da na jirgin ruwa za su sa ki tsane shi.

Sabulu, man goge baki, kunzugun yara na zamani, duk ki saya a can. Shagunan 7-Eleven da Indomaret da Alfamart ba sa wuyar samu a gari. Dadduma ɗaya siririya ta wadatar, tunda a Malesiya da Indonesiya tashoshi da manyan kantuna suna da ɗakin salla, galibi har da hijaban aro na mata. Abin da zai yi miki wuyar samu shi ne man da ya dace da gashinmu da fatarmu. Ki ɗura man kaɗanya a ƙananan robobi, kowace kada ta wuce mililita 100, don wannan ce ƙa'idar ruwa da mai a jakar hannu. Kitso kuma a yi ƙanana masu daɗewa kafin a tashi. Kilishi da dambun nama ki bar su a gida, duk da na san maigida ya yi marmari, domin kwastan na ƙasashe da yawa ba sa barin nama ya shiga.

Akwai ƙaramar jaka da ba za ta rabu da jikinki ba. A ciki fasfo, da katin rigakafin cutar shawara na kowa, domin ƙasashen nan uku suna neman sa daga wanda ya fito daga Najeriya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Magunguna su kasance cikin kwalayensu tare da takardar likita. Duk abin da ke da kodin ko tiramadol kada ki ɗauka da ka, dokar ƙwaya a yankin nan ba wasa. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, ba a kayan da ake aunawa ba. Soket ɗin Malesiya irin namu ne mai baki uku, na Indonesiya mai baki biyu zagaye, adafta ɗaya ta raba gardama.

Saura tsaraba, wadda na san tana ranki ko da ba ki ambata ba. Kada a sayi ko tsinke sai zangon ƙarshe. Wanda ya sayi yadi a mako na biyu, shi zai yi ta dakon sa har mako na shida. In za ku ƙare a Jakarta, kasuwar Tanah Abang na nan, babbar kasuwar yadi da tufafi da 'yan kasuwar Afirka ta Yamma suka daɗe da sani. A can za ki sayi akwatin da kike kewa, ki cika shi da hijabai da yadin batik na dangi, babban jirgin dawowa gida ya ɗauke miki.