Lafiyar bayan uwa: darasi ga iyaye mata da masu faɗakarwa

A ranar awon yara, idan aka tambayi uwa dalilin da ya hana ta zuwa makon jiya, sau da yawa amsar ita ce: "Baya ne ya riƙe ni." Ciwon da ake ɗauka ƙarami yakan sa yaro mai tamowa ya rasa rabonsa na mako guda, nauyin da ya fara samu ya koma baya. Shi ya sa wannan darasi ya shiga cikin darussan abinci mai gina jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020, kuma babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki.

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, ɗaya bisa ɗaya. Bakwai suna wuya, 12 suna daidai ƙirji, biyar suna ƙugu, sauran tara na ƙasa kuwa akasari sun haɗe da juna. Tsakanin waɗanda ke motsi akwai guringuntsi mai laushi da ke aiki kamar gammo tsakanin kai da tulu. Ta cikin jerin ne laka ta bi, daga gare ta kuma jijiyoyi ke fita zuwa hannuwa da ƙafafu. Ƙasusuwa biyar na ƙugu su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyi, can ne kuma ciwo ya fi sauka.

Mu auna aikin yini guda. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, don haka bido mai lita 25 kilo 25 ne. Idan akwai goyon ɗan shekara guda mai kilo takwas ko tara, kaya ya haura kilo 30, ga daka, ga shara, ga itace, ga gona da damina. Babu mai cewa uwa ta bar waɗannan ayyuka, domin shawarar da ba ta yiwuwa ɓata baki ce. Abin da ake iya canzawa shi ne yadda ake yin su.

Lokacin ɗaga kaya daga ƙasa ya fi lokacin tafiya da shi haɗari. Mace ta matso dab da bido, ta ware ƙafafu, ta lanƙwasa gwiwoyi, ta rungumo shi kusa da jikinta, sannan ta miƙe da ƙarfin cinyoyi. Duk kayan da ya yi nesa da jiki, nauyinsa a kan ƙugu ƙaruwa yake yi. Kada ta murɗa jiki da kaya a hannu. Idan za ta juya, ƙafafu ne za su juya. Aza kaya a ka da sauke shi aikin mutum biyu ne, kuma neman a aza maka ba ragwanci ba ne. Inda rijiya ko famfo ke kusa, sawu biyu da rabin bido ya fi sawu ɗaya da cikakke. Inda ke da nisa, amalanke ko jaki ya fi, kuma nan ne maigida da samarin gida ke da rawar takawa. Ƴan mata ƙanana da ƙashinsu bai gama ƙwari ba, kada a aza musu bidon manya.

Daɗewa a duƙe ma yana gajiyar da baya. A sa wa tsintsiya doguwar ƙota. A ɗora kwanon wanki bisa wani abu mai tudu, ko a zauna a kujera ƴar tsugune. Wajen daka, a tsaya kusa da turmi, gwiwoyi su ɗan saki, a riƙa karɓa-karɓa da abokiyar aiki. Bayan kowane ɗan lokaci a miƙe, a dafa ƙugu da hannu biyu, a ɗan gantsare a hankali. Goyo kuwa a ɗaure shi sama, ya manne da baya. Wanda ya zame zuwa kwankwaso yana jan uwa, sai ta rinƙa sunkuyawa don ta daidaita. Wajen ba da nono, ta jingina da bango, ta ɗora jariri bisa matashi ko naɗaɗɗen zane, ta kawo shi wurin nono maimakon ta sunkuya ta kai masa.

Mai ciki tana da nata hali. Nauyinta yana ƙaruwa da kimanin kilo 10 zuwa 12, cikin yana jan ta gaba, gaɓoɓin kwankwaso kuma suna saki domin shirin haihuwa. Ta rage kaya mai nauyi, ta kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, idan za ta tashi ta dogara da hannu.

Ƙashi ma yana buƙatar abinci. Jariri a ciki da kuma a nono yana ɗibar sinadarin kalsiyom daga jikin uwa. Ƙashinta yakan ɗan rage ƙwari lokacin shayarwa, ya farfaɗo bayan yaye, kuma wannan na daga cikin hikimar barin aƙalla shekara biyu tsakanin haihuwa da sabon ciki. Wannan ba dalilin rage shayarwa ba ne, dalilin ƙara wa uwa abinci ne. Ana samun kalsiyom a nono da cuku, da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu, da ganyen kuka, da zogale, da riɗi. Wake, gujiya da ƙwai suna gina tsokar da ke riƙe da baya. Hasken rana a fata yana sa jiki ya samar da bitamin D, wanda ba tare da shi ba hanji ba ya tsotsar kalsiyom yadda ya kamata.

Mafi yawan ciwon baya yakan lafa cikin kwanaki ko ƴan makonni. Kwanciya yini da yini tana jinkirta sauƙi. Tafiya kaɗan-kaɗan, aiki mara nauyi da gashi da tsumma mai ɗumi sun fi. A guji ƙwayoyin ƴan talla, musamman tramol, wanda jiki ke sabawa da shi. Mai ciki kada ta sha ibuprofen ko diklofenak sai da izinin ma'aikacin lafiya.

Ga masu faɗakarwa: akwai alamomin da ba a jira da su. A tura mace likita nan take idan ƙafafunta sun yi rauni ko sun mutu, ko fitsari da bayan gida suna kuɓuce mata, ko fitsarin ya ƙi fita, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa mai tsanani. Ciwon baya mai daɗewa tare da rama, zazzaɓi da gumin dare, ko ƙusumbi da ya fara fitowa, yana iya zama tarin fuka da ya kama ƙashi, kuma yana da magani idan an je da wuri. Mai cikin da bayanta ke kamawa yana saki kafin watanninta su cika, ko take ganin jini, ko take da zazzaɓi da zafin fitsari, a kai ta CSI a ranar. Idan uwa ta kwanta, mai faɗakarwa ya nemi kaka, kishiya ko maigida su kai yaron awo a ranarsa, tare da katinsa.