Darasi: Yadda ake shirya gyaran tsohon gida

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi gida. Da yawa daga cikinmu gidanmu na farko ba sabo ba ne. Wani gadonsa ya yi. Wani kuwa kango ya saya, domin shi ne daidai ƙarfinsa. Wani ya tafi bida Najeriya ko Libiya, ya dawo ya tarar gidan ya yi damina uku ko huɗu ba wanda ya taɓa shi. Irin wannan gida yana gyaruwa, amma sai da shiri. Wanda ya fara da fenti da ƙofar ƙarfe, kuɗinsa zai ƙare alhali rufi yana yoyo. Gyara yana da jeri: takarda, sai ruwa, sai lafiya, sannan ado.

Abin da ya sa maganar take da nauyi

Babban abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwa. Mutanen Maraɗi sun san haka tun da daɗewa. A da, garin yana cikin fadama, a bakin Gulbi. A shekarar 1945 Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya, ya cinye gidaje, har aka tashi garin aka mai da shi bisa tudu inda yake yau. Amma tudu ma bai hana ɓarna ba. A ƙarshen watan Agusta na 2024 an yi ruwa mai ƙarfi a birnin Maraɗi, mutum 15 aƙalla suka rasu. A daminar wannan shekara kusan mutum 400 suka rasu a Nijar baki ɗaya. Wasu ruwa ya tafi da su, wasu da yawa kuwa ɗaki ne ya faɗa musu. Allah ya jiƙansu.

Ɗaki ba ya faɗuwa rana ɗaya. Yakan nuna alama tun da wuri. Aikinmu shi ne mu koyi ganin alamar, mu gyara tun rani.

Mataki na 1: Takarda kafin tubali

Kada mu zuba ko dala ɗaya a gidan da ba mu tabbatar namu ne ba. In gado ne, a raba shi tukuna a gaban malamai ko alƙali, da shaidu, kowane magaji ya san rabonsa, mata da maza. Sau da yawa mutum ya gyara gidan gado da guminsa, bayan ya gama sai ƴan uwa su taso da maganar rabo, zumunci ya ɓaci.

In saye ne, a rubuta cinikin, mai unguwa ya shaida. A birnin Maraɗi a nemi takardar fili a ma'aikatar magajin gari. A karkara, kamar ƙauyukan Tsibiri da na Jiratawa, a fara da maigari da kwamitin kula da filaye, wanda ake kira Kofo. Dokar karkara ta 1993 ce ta kawo waɗannan kwamitoci. A kuma kira maƙwabta a duba iyaka tare, a san katangar da ke tamu da wadda ke ta tarayya.

Mataki na 2: Mu zagaya gida da littafi

Yanzu mun iya rubutu, to ga ranarsa. Mu ɗauki littafi da alƙalami, mu kira magini wanda ya san aikin ƙasa, mu zagaya tare. A sa takalmi mai rufi, a riƙe sanda, domin kango mazaunin maciji da kunama ne. A yi hattara da tsohuwar rijiya ko tsohon ramin salga da ciyawa ta rufe. Kada yara su biyo mu. Ga abubuwan dubawa:

1. Rufi. In soro ne, a duba azara ɗaya bayan ɗaya. A ƙwanƙwasa ta. In ta yi ƙara kamar ganga, ko wuƙa ta shige ta da sauƙi, gara ta cinye cikinta. In tsakiyar rufi ya lotsa, ruwa yana kwana a nan. In kwano ne, a shiga ɗaki da rana a rufe ƙofa. Duk inda haske ya shigo, nan ruwa zai shigo.

2. Indararo. A duba ko ya toshe, ko ya karye, ko yana zuba ruwa a jikin bango.

3. Gindin bango. In ya zaizaye har ya fi saman sirancewa, ko ƙasarsa tana marmashewa a hannu, bangon ya rasa ƙafa.

4. Tsaga. Ƙaramar tsaga a yaɓe ba abin tsoro ba ce. Amma tsagar da yatsa ke shiga, ko wadda ta raba kusurwa biyu, ko wadda ake hango haske ta cikinta, babbar magana ce. A liƙa ɗan curin laka a kanta, a bar shi mako uku. In ya tsage, bangon yana motsi har yanzu.

5. Karkata. A ɗaura dutse a igiya, a sako ta daga saman bango. Igiya ba ta ƙarya. In bango ya kauce mata sosai, yaɓe ba zai yi masa magani ba, sai a rushe a sake.

6. Tsakar gida. Ina ruwa yake bi in an yi sama? Yana fita waje, ko yana taruwa a gindin ɗaki?

Bayan zagaye, mu raba shafi gida uku. Na farko: abin da zai iya kashe mutum. Na biyu: abin da zai iya kawo ciwo. Na uku: abin da zai ƙara kyau. Da wannan jeri za mu kashe kuɗi.

Mataki na 3: A raba gida da ruwa

Ruwa yana cin gini ta sama da ta ƙasa. Ta sama, a fara da canja duk azarar da ta mutu. Azarar giginya ita ce mai ƙarko, amma ta yi wuya, ta yi tsada, kuma doka ta hana saran giginya ba da izini ba. Shi ya sa mutane suka koma ga iccen bedi da na turare, ko ƙarfe. Kowane icce za a sa, ya zama busasshe, a ɓare ɓawonsa. Akwai kuma ginin da ba ya bukatar icce ko kaɗan, mai rufin tubali kamar tulluwa. An fara koyar da shi a Nijar tun 1980. Amma wannan sai maginin da ya koye shi sosai.

Ga wani kuskure da ya yi yawa: kowace shekara a ƙara sabuwar ƙasa bisa tsohuwa. Da haka rufi ke ƙara nauyi, in ya sha ruwa nauyin ya ninka, azara ta gaza. A kankare tsohuwar ƙasar da ta mutu kafin a zuba sabuwa. A yi wa rufi gangare zuwa bakin indararo. Indararo kuwa ya zama dogo, ya jefa ruwa nesa da bango. Inda ruwan ke sauka a jera duwatsu ko fasassun tubalan siminti.

Ta ƙasa, a cike gindin bango da tubali da laka mai kyau, kaɗan kaɗan, gefe ɗaya ya bushe kafin a taɓa wani. A yi masa dakali mai gangare, ruwa ya riƙa gudu daga bango. A haƙa wa tsakar gida hanyar ruwa zuwa waje, amma ba zuwa katangar maƙwabci ba. Daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu, tsakar gida kuma ta fi titi tudu.

Wannan ya fi zama wajibi ga mazauna kusa da fadama, kamar mutanen Jiratawa masu aikin noman rani da na gefen Gulbi a Tsibiri, inda ƙasa ke daɗewa da laima. In kuwa gidan yana kan hanyar ruwa ne sosai, ko a bakin kwazazzabo, gaskiya ɗaya ce: gyara ba zai cece shi ba. Gara a nemi wani wuri.

Game da yaɓe, laka da laka suke shiri. A kwaɓa ta da ciyawa ko ƙaiƙayi, a bar ta ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, sannan a yaɓa. Kakanninmu suna ƙara makuba, wato ruwan kwasfar ɗorawa, don yaɓe ya jure ruwa. Siminti bisa bangon ƙasa yana da kyaun gani, amma ba su cika kama juna ba. In ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya kasa fita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye. Wanda ya sa shi, ya riƙa ƙwanƙwasa shi kowace shekara, ya toshe tsaga da wuri.

Mataki na 4: Gida mai lafiya

Salga. Kada iyali su tare a gidan da ba shi da salga mai kyau. Ba mu manta da kwalarar da ta ɓulla a yankin Madarunfa a 2018 ba, da wadda ta sake zuwa jihar Maraɗi a 2021. Kwalara da zawo daga kashin mutum suke zuwa, ta ruwa, ta hannu, ta ƙuda. In tsohuwar salga ta cika ko bakinta ya rufta, a cike ta da ƙasa, a haƙa sabuwa. Ta yi nisan mita 30 da rijiya, kuma ta kasance a gangaren rijiya, ba a samanta ba. Ƙasarmu rairayi ce, saboda haka a ɗaure bakin ramin da tubalin siminti. A sa dakalin siminti mai marfi. A ajiye buta da sabulu ko toka a ƙofa.

Sauro. Masassarar cizon sauro ta fi tsanani daga tsakiyar damina zuwa kaka, kuma ƙananan yara da mata masu ciki ta fi kayarwa. A toshe ratar da ke tsakanin bango da rufi, domin ta nan sauro ya fi shiga da dare. A sa raga a taga. Tun ana gyara a kafa ƙusoshin rataya gidan sauro. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini a cike shi, kada ya zama kududdufi a bayan ɗaki.

Iska da hayaƙi. Kowane ɗaki ya samu taga, in da hali biyu masu kallon juna. Madafa ta kasance dabam da ɗakin kwana, da mafitar hayaƙi. Hayaƙin icce yana kawo tari da ciwon ido ga mata da goyonsu.

Bisashe. A yi wa awaki da tumaki da kaji wurinsu a gefe guda, nesa da madafa da randar ruwa. A riƙa tara takinsu a rami, a kai gona kafin shuka.

Rumbu. A share shi tas kafin sabon hatsi ya shiga, a ƙone sharar. A ɗora shi bisa duwatsu, a sake masa jinka. Wake kuwa a zuba shi a buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masu binciken noma na INRAN a Maraɗi suka gwada. In an ɗaure shi da kyau, ƙwari suna mutuwa ba tare da an sa magani ba.

Mataki na 5: Lokaci da kuɗi

Manomi da kalandar gona yake gini. Da kaka, bayan an shigar da amfani, a yi zagaye da lissafi. Da sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a buga tubali tun tabki bai ƙafe ba, a bar shi ya bushe sarai. Daga Fabrairu zuwa Afrilu a yi rufi da bango da salga. A watan Mayu a gama yaɓe, a share indararo. Da ruwa ya sauka a Yuni, hannu ya koma gona.

Kada mu sayar da hatsin ci don gyaran gida. Wanda ya sayar da gero da arha a kaka, zai saye shi da tsada a damina. A nemi kuɗin daga gyaɗa, wake, kayan lambu, ɗan akuya ko adashi. Aikin da ba ya son gwani, kamar ɗibar ƙasa da buga tubali, a yi shi da gayya. A tambayi farashi wuri uku. A rubuta yarjejeniya da magini, a biya shi kashi kashi, gwargwadon aikin da ya gama.

Ga misali don koyon lissafi. A ce magidanci yana da jika 150. Ya fara ware jika 15 saboda abin da ba a zata ba. Ya sa jika 60 a rufi, jika 30 a gindin bango da hanyar ruwa, jika 35 a salga, jika 10 a ragar taga. Kuɗi sun ƙare, fenti bai samu ba. Ba laifi, fenti ya jira baɗi. In kuɗin ba su isa gida duka ba, a gama ɗaki ɗaya da salga, a tare, a rufe sauran ɗakunan kada kowa ya kwana ciki. Sannu ba ta hana zuwa.

A shawarci uwargida tun daga farko. Ita ta fi sanin inda hayaƙi ke damu, da inda ruwa ke kwana, da inda yara ke wasa.

Gargaɗi na damina

In ana ruwa da dare muka ji azara tana ƙara, ko ƙasa tana zubowa daga rufi, ko ƙofa ta ƙi buɗuwa yadda ta saba, a fitar da kowa nan take. Kada a koma ɗaukar kaya. Bangon da ya sha ruwa yana iya faɗuwa ko bayan an ɗauke ruwan, don haka kada a zauna a gindinsa.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Me ya sa takarda take zuwa kafin tubali?
2. Faɗi alamu uku da ke nuna ɗaki yana shirin faɗuwa.
3. Mita nawa ya kamata a bari tsakanin salga da rijiya?
4. Bango yana da layi 12, kowane layi tubali 25. In an ƙara 30 saboda masu fashewa, tubali nawa za a buga?
5. Kowa ya zagaya gidansa, ya rubuta gyara uku da suka fi gaggawa, ya kawo aji mako mai zuwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu. Amin.