Darasi: Ina Mai Son Barin Giya Zai Sami Abokan Tafiya?

Karatu: Karin Magana 23:29-35, Galatiyawa 6:1-2

'Yan'uwa cikin Kristi, a ƙauyukan da muke kai ziyarar aiki, idan aka zauna da zumuntar mata a kan zancen abinci da kuɗin makaranta, ba a jimawa sai maganar giya ta fito. An girbe dawa, rumbu ya cika, amma kafin Ista an kwashe rabi zuwa gidan burukutu, kuɗin taki kuma ya tafi wajen mai ogogoro.

Abin da muka saba yi mun san shi. Dattawa su kira mutum, su yi masa gargaɗi, in ya ƙi a sa shi ƙarƙashin horo. Horo yana da wurinsa. Amma mu tambayi kanmu: ranar kasuwa da yamma, ina wannan ɗan'uwa zai je? A gidan burukutu akwai benci, akwai hira, akwai masu kiransa da suna. A majami'a kuwa bencin baya ne nasa, ana tashi kowa ya kama gabansa. Wanda ya bar giya ya bar abokansa na shekara ashirin a rana ɗaya. In bai sami wasu ba, komawa zai yi.

Wasu mutum biyu sun gane wannan a shekarar 1935 a garin Akron na jihar Ohayo, a Amurka. Ɗaya, Bill Wilson, dillalin hannun jari ne. Ɗayan, Bob Smith, likita ne, kuma giya ta kusa hallaka su duka. Suka ga cewa in mashayi ya zauna da ɗan'uwansa mashayi suka faɗa wa juna gaskiya, ƙishin yakan lafa, ranar ta wuce ba a sha ba. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ake kira AA, ta samo asali. Tun kafin su, a 1877, Fasto Louis-Lucien Rochat ya kafa Blue Cross a Suwizalan, aikin Kirista domin mashaya, kuma tana da rassa a Afirka, har da Gana da Chadi. A 1951 aka kafa Al-Anon domin matan mashaya da iyalansu, gama su ma suna ɗauke da kaya.

Taron AA ba wa'azi ba ne. Sharaɗin shiga ɗaya ne: mutum yana son daina sha. Ba kuɗin rajista. Ana kiran juna da sunan fari kaɗai, kowa ya faɗi abin da ya same shi, ba mai katse shi, ba mai yi masa faɗa, abin da aka ji kuma ba ya fita ɗakin. Ba a ɗaukar alkawarin har abada. Na yau kawai ake ɗauka. Sabon zuwa yakan zaɓi wani da ya daɗe da dainawa, wanda zai iya nema ko da tsakar dare in ƙishin ya taso.

To, ina za a sami irin wannan? A ƙasarmu tarukan AA kaɗan ne, yawancinsu a manyan birane, da Turanci kuma ake yi. Mai babbar waya da ke jin Turanci zai iya shiga waɗanda ake yi ta intanet. Sauranmu mu fara da ma'aikacin lafiya na asibitin da ke kusa, mu kuma roƙi fasto ya tambaya a ofishin gunduma na ikilisiya ko akwai wata majami'a da ta riga ta fara. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Maiduguri, da asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, suna duba masu matsalar shaye-shaye. A tambaye su ko sun san wani taro. Amma duk inda kuka ji ana ɗaure mutum da sarƙa, ko dūka, ko hana shi abinci da sunan magani, kada ku kai naku.

Ga gargaɗi mai muhimmanci. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, har hannunsa na rawa da safe sai ya kurɓa, kada ya yanke gaba ɗaya shi kaɗai a gida. Cikin yini ɗaya zufa, amai da rawar jiki sukan fara. Wasu sukan yi farfaɗiya, a rana ta biyu zuwa ta huɗu kuma su ruɗe, su riƙa ganin abin da babu. Wannan yana kisa. Ba aljanu ba ne, jiki ne da ya saba da giya, kuma akwai maganinsa a asibiti. A yi addu'a, a kuma nemi mota.

In an bincika babu taro kusa, mutum biyu ko uku masu son dainawa sun isa su fara. Ikilisiya ta ba su ɗaki, ajin makarantar Lahadi ma ya isa. A sa lokacin ya faɗa daidai sa'ar da suka saba tafiya sha, musamman yammacin ranar kasuwa. A ganina fasto da dattawa su buɗe ƙofa su koma gida, domin ba mai faɗin cewa ya sha jiya a gaban wanda zai sa shi horo gobe. Wanda ya faɗi ya sake sha, a karɓe shi mako mai zuwa; mutane da yawa sai da suka faɗi sau da dama kafin suka tsaya.

Domin tattaunawa bayan sujada: a ƙauyenmu, ranar gayya da me ake sallamar masu noma? In ɗan'uwa mai ƙoƙarin dainawa ya zo gayyar, wa zai tanadar masa kunu, wa kuma zai zauna kusa da shi?