HUKUNCIN DASHEN GASHI GA MAI SANƘO



'Yan uwa, tun da matasanmu suka fara ganin hotunan masu dawowa daga Istanbul ta Turkiyya da kai naɗe da bandeji, tambayar nan ta yawaita: Malam, dashen gashi ya halatta, ko shi ma canza halittar Allah ne?

Mu fara sanin abin tukuna. Likita ba ya kawo gashi daga waje. Daga ƙeyarka yake ciro saiwar gashi, ko dai ɗaya bayan ɗaya, ko ya yanko siririyar fata ya rarraba ta, sannan ya dasa a goshi ko tsakar kai. Gashin ƙeya ba ya saurin zubewa, kuma yana riƙe wannan ɗabi'ar ko an canza masa wuri, kamar yadda wani likitan fata a Amurka, Norman Orentreich, ya bayyana a 1959. Bayan 'yan makonni gashin da aka dasa yakan zube, saiwar ta zauna, ya sake tsirowa cikin wata uku zuwa huɗu. Naka ne, mai rai ne, ana aske shi ya sake fitowa.

Abin da ya rinjaya a wurina shi ne halasci. A Bukhari da Muslim akwai ƙissar mutum uku daga Bani Isra'ila: kuturu, mai sanƙo da makaho. Mai sanƙon ya nemi gashi mai kyau saboda mutane na ƙyamarsa, mala'ika ya shafe shi da izinin Allah, gashi ya fito. Shaikh Ibn Usaimin, Allah Ya jiƙansa, ya kafa hujja da ita cewa wannan kawar da aibi ne da mayar da halitta asalinta. Haka kuma Majma'ul Fiƙhil Islami, a zamansa na 18 a Malesiya a 2007, ya halatta dashe idan gashi ya zube, musamman ga mace.

Wani zai ce: to hadisin Asma'u bint Abi Bakr fa? Wata mata ta zo, 'yarta amarya ce, ƙyanda ta zubar mata da gashi, ta nemi izinin ƙara mata wani, Annabi (SAW) ya hana, har ya la'anci mai ƙarin da wadda ake yi wa. Ga lalura, ga aure, amma ba a yi rangwame ba. Tambaya ce mai ƙarfi. Bambancin shi ne, ƙari haɗa gashin da ba naka ba ne, a nuna wa mutane abin da babu shi. Dashe kuwa magani ne, abin da ido ya gani shi ne haƙiƙar abin da ke kan. Shi ya sa nake hana dasa zaren roba a fata a kira shi gashi, don ya fi kusa da ƙari, ga cutarwa; hukumar magunguna ta Amurka ma ta haramta shi tun 1983.

Iyayenmu mata da 'yan uwa mata, ku saurara. Yawancin goshin da ke ja da baya a nan Tsafe ba gado ba ne, kitso ne mai tsauri shekara da shekaru, da man miƙar da gashi. Idan aka sassauta da wuri yakan dawo, idan saiwar ta mutu shi ke nan. Yaro mai makero kuma maganin asibiti yake buƙata, ba dashe ba. A je a ga likita a FMC Gusau, ko likitan fata a Shika ko asibitin Malam Aminu Kano, kafin a sayar da gona. Baƙar fata takan yi tabo mai tudu, a tambayi likita wannan ƙarara. Mace ta nemi likita mace matuƙar akwai. Kai kuma da ba ka cika buhun masara a gida ba, ciyar da iyali wajibi ne, dashe kuwa halas ne kawai.

Saura tsarki, wanda da yawa ba sa tambaya sai sun dawo. A mazhabar Malikiyya shafar kai gaba ɗaya farilla ce a alwala, cuɗawa kuma farilla ce a wanka, alhali likita zai hana ka taɓa wurin na wasu kwanaki. Hukuncinka na mai rauni ne: ka wanke inda ke lafiya, ka shafa a hankali inda aka dasa, in hakan zai cutar ka shafa bisa bandeji. In sujada za ta cutar da goshin, ka yi nuni gwargwadon iko. Da zarar likita ya ba da izini, rangwame ya ƙare, ka koma wanki da shafa kamar kullum.

Wallahu a'alam.