Zafin Ƙasa, Hasken Rana da Iccen Gona

Ƴan'uwa masu karatu, kun taɓa lura da ruwan rijiya lokacin ɗari? In an jawo shi da sassafe, za ku ji shi da ɗumi-ɗumi, alhali wanda ya kwana cikin tulu ya yi sanyi ƙarara. Ba wanda ya hura wuta ƙarƙashin rijiya. Ƙasa ce ke riƙe da ɗuminta. Yau za mu karanta labarin wanga ɗumi, da yadda wasu ƙasashe suka ci moriyarsa, da abin da za mu koya daga gare su.

Cikin ƙasa akwai zafi

Masana sun auna, sun ga in ana gina ana nutsawa, kowace mita 100 zafi na ƙaruwa da kamar digiri 3. Can ƙasa sosai, zafin har dutse yake narkarwa. A wasu wurare zafin nan yana kusa da bisa. Ruwan sama ya nutse, ya iske duwatsu masu zafi, sai ya komo waje yana tururi.

Muna da irin wanga ruwa a Nijar. A Tafadak, cikin duwatsun Abzin, arewa da Agadas, ruwan zafi na ɓuɓɓugowa dare da rana. Mutane na zuwa daga nesa su yi wanka don ciwon jiki. A Najeriya ma akwai ruwan Wikki mai ɗumi, cikin dajin Yankari, ƙasar Bauchi.

Abin da mutanen Aislan suka yi

Aislan tsibiri ne can arewacin Turai. Mutanensa ba su kai rabin miliyan ba. Ɗarinsu ya ninka namu, ga dusar ƙanƙara, ga ƙarancin itatuwa. In ba a ɗumama ɗaki ba, mutum na iya mutuwa. Da can sai sun sayo gawayin ƙasa da mai daga waje, da tsada.

Amma ƙasarsu ta duwatsu masu aman wuta ce, ruwan zafi na kusa. A 1930 suka ja shi cikin tiyo zuwa wata makaranta a Rekyabik, babban birninsu. Daga nan aka kai shi gidaje. A 1973 kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Sai gwamnatinsu ta tsai da shawara: duk garin da ke iya samun ruwan zafi, a taimaka masa ya bar mai. Ta riƙa ba da bashi don gina rijiyoyi masu zurfi. In an gina ba a dace ba, tana yafe wani kashi na bashin. Wannan ya sa garuruwa suka daina tsoron gwadawa. Yanzu cikin gida 10 na Aislan, kamar 9 da zafin ƙasa ake ɗumama su.

A nan Afirka, Kenya ce ta yi gaba. Tun 1981 take juya tururin ƙasa ya zama wutar lantarki a wani wuri mai suna Olkariya. Yau kusan rabin wutar Kenya daga can ƙarƙashin ƙasa take fitowa.

To, mu fa?

Wani cikinku zai ce: "Mu ma sai a gina mana!" A ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Rumji, zafin yana can nesa ƙwarai, kuma ginar rijiya mai zurfin haka na cin kuɗi masu yawa. Ga shi ɗarinmu bai wuce wata biyu ko uku ba. Buƙatarmu ita ce wutar dahuwa kullum, da hasken dare, da abin da zai jawo ruwa, da sanyin ajiye allurar rigakafi a gidan likita.

Ga abin ɗauka cikin labarin Aislan: sun dubi abin da Allah ya ajiye musu wanda ba ya ƙarewa, suka kama shi, gwamnati ta dafa musu. Mai da gas da gawayin ƙasa, in an ƙone su sun tafi ke nan. Rana kuwa gobe ma za ta fito. Icce in an sare shi da dabara, zai sake tohowa. Irin waɗannan ake kira makamashi mai sabuntuwa. Namu guda biyu ne: rana da icce.

Rana

Nijar ta daɗe da sanin darajar rana. Tun 1965 aka buɗe ma'aikatar binciken ƙarfin rana a Yamai, mai suna ONERSOL. Farfesa Abdu Mumuni ya shugabance ta shekaru da yawa. Sun ƙera tukunyar dahuwa da rana da abin dafa ruwan wanka. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

Duk da haka, yawancin wutar lantarkinmu, wadda muke ce ma kuran, daga Najeriya aka saba sayo ta. Mutanen Gazawa sun san manyan wayoyin da suka taso daga Katsina. Daga Gazawa ne wutar ke rabuwa, wata ta yi Maraɗi, wata ta yi Damagaram. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar, ba ta maido ta ba sai cikin Maris na 2024. Masu niƙa da masu walda da masu saida ƙanƙara sun ji jiki. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Gatarin namu an fara ƙera shi. A 2018 aka buɗe tashar wutar rana a Malbaza mai ƙarfin megawat 7. A 2023 aka gama ta Goru Banda, kusa da Yamai, mai megawat 30. Megawat ma'aunin wuta ne, kamar yadda tiya take ma'aunin hatsi. Akwai kuma hukumar ANPER da aka kafa a 2013 don kai wuta karkara.

Kun ga panno bisa rufin shaguna da bakin famfon gari. Yana daɗewa fiye da shekara 20 in an kula da shi. Ƙura ce abokiyar gabarsa. A riƙa share shi da tsumma mai laushi. Kada inuwa ta rufe shi. Batir kuwa yana mutuwa da wuri. Saboda haka garin da ke da famfon rana ko fitilun rana, ya kamata ya buɗe asusu, a riƙa zuba ƴan kuɗi don gyara. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Icce

Kusan kowane gida na karkara da icce yake dahuwa. In icce ya ƙare, mata ne ke fara shan wahala. Su yi tafiya mai nisa, ko su ƙone kara da kashin shanu. Kara da kashin shanu kuwa abincin gona ne. In an ƙone su, gona ta rame, iska ta kwashe ƙasa, hatsi ya ragu.

Bayan fari da yunwa, an yi babban taro a Maraɗi a 1984, zamanin Seini Kunce, don yaƙi da hamada. A 1992 aka yi dokar kasuwannin icce na karkara, wadda ta ba ƙauyuka damar kula da dajinsu su sayar da iccensa bisa tsari. Amma babban aikin, manoma ne suka yi shi cikin gonakinsu. Shi ne sassaben zamani.

Ga yadda ake yi. Lokacin sharar gona, kada ka tumɓuke kututturen sabara ko kalgo ko gawo da ya toho. Zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi ka bar su. Sare sauran da wuƙa mai kaifi, daga ƙasa zuwa bisa. Saiwar tana da rai tun da daɗewa, shi ya sa yake girma da sauri fiye da dashe. Kowace shekara ka rage reshe, ka samu iccen dahuwa, iccen kuwa yana nan tsaye.

Ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna a kan wanga aiki. Sun kafa kwamitin tsaro, da maza da mata da makiyaya a ciki, suka yi ƙa'idojin hana saran ɓarna. Baƙi daga ƙasashe da dama sun zo ganin gonakinsu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa manoman Nijar sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5.

Da can manomi na tsoron barin icce, don yana ganin na gandun daji ne, ba nasa ba. A 2020 gwamnati ta fito da doka wadda ta amince da haƙƙin manomi bisa iccen da ya raya a gonarsa. Ka san wannan haƙƙi naka. In za ka yi babban sara, ka fara tuntuɓar ma'aikacin gandun daji na yankinku.

Ke kuma uwar gida, murhun zamani, na laka irin Albarka ko na ƙarfe irin Mai Sauƙi, yana tare iska, ya tattara wuta ƙarƙashin tukunya. Ba ya cin icce kamar murhun duwatsu uku. Ki rufe tukunya, ki jiƙa wake kafin ki dafa, ki kashe sauran icce in kin gama.

Gwamnati na da nata aiki: doka, da bashi, da manyan tashoshi. Mu ma muna da namu: kututture a gona, murhu a gida, asusu a gari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin sharar gona ta bana, kowa ya zagaya gonarsa ya ƙidaya kututturen da zai bari. Ya rubuta adadin cikin littafinsa, ya kawo mu karanta tare.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwan rijiya ke da ɗumi lokacin ɗari?
2. Wace dabara gwamnatin Aislan ta yi don garuruwa su daina tsoron ginar rijiya?
3. Ina bambancin mai da hasken rana?
4. Rassa nawa ake bari a kututture wajen sassaben zamani?
5. A garinku, wa ke kula da famfo ko panno in ya lalace? Ku tattauna.